Rahoton Ayyukan Shekara: Zamanmu da Littafin Tufafin Vecellio

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, iyayenmu maɗinka da masaƙa da marina, da ƙannenmu ɗalibai.

Bana kusan duk zamanmu na wata-wata a kan littafi guda ya ƙare, wato littafin tufafin duniya na Cesare Vecellio, ɗan uwan shahararren mai zanen nan Titian. An fara buga shi a birnin Benis na Italiya a 1590 da zane sama da 400, kowanne an sassaƙa shi a jikin katako kafin a danna a takarda. A 1598 aka sake bugawa, zanen ya haura 500, aka ƙara mutanen nahiyar Amurka da fassarar Latin. Na asalin sai a manyan ɗakunan karatu, don haka da kuɗin karo-karonku muka sayi fassarar Turanci ta 2008, muka kuma buga wasu shafuka manya-manya domin dattawan da ido ya fara ja.

Inda muka fi daɗewa shi ne babin Benis, domin nan ne mutumin ya zana abin da idonsa ya gani. Ga mata kan takalma masu tsawon dunduniya, ga wata zaune a saman soro da malafa marar tsakiya, ta baza gashi a rana don ya yi fari-fari. Maɗinkanmu sun kwashe zama biyu suna gardamar yadda aka yanka hannun rigar manyan garin, har wani uba namu ya kawo ƙyalle ya gwada. A ganina wannan ne zama mafi albarka a shekarar.

Da muka iso Afirka sai abin ya yi rauni. Vecellio bai taka nahiyar ba, da labarin matafiya da zanen wasu ya dogara, kuma ana gani a aikin. Shi ya sa muka haɗa da littafin wani matafiyi da ya rubuta labarin Afirka, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a Benis ɗin a 1550. Shi ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau, ya kuma yabi masaƙa da dukawan Gobir.

Daga nan shawarar ta fito, muka fara ɗaukar hoton tsofaffin kayan da ke cikin adakokin gidajenmu: saƙi, tsamiya, barage, alkyabba, riga mai aska takwas, kowanne da sunansa daga bakin mai shi. Aikin bai yi nisa ba, don kayan mata kaɗan muka samu, kuma laifinmu ne da ba mu tura mata su shiga gidaje ba. Kwamitin mata zai karɓi wannan ɓangaren bayan ƙaramar Sallah.

Waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba su ga ma'aji kafin zama na gaba. Mai tsohuwar riga a gida ya sanar da sakatare, mu za mu zo, ba sai an fito da ita ba.

Allah Ya saka da alheri.