Wasiƙa zuwa ga ɗana, kafin wa'azin Lahadi

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mu nan duk lafiya, mamanka na gaishe ka. Ita ta gaya mini an ba ka wa'azi a kan Kolosiyawa 3:12, kuma kana ta zumuɗi da kalmar nan ta Helenanci da kuka koya a makarantar tauhidi a Bukuru, enduo, wato sa tufafi a jiki. Madalla. Sai dai bari in ja maka kunne tun kafin ka hau bagade.

Kalma ce ta yau da kullum. Da ita Yesu ya ce kada mu damu da abin da za mu sa, a Matiyu 6:25. Da ita aka ce sojoji sun mayar masa da tufafinsa bayan sun gama yi masa ba'a, a Markus 15:20. Don haka kada ka riƙa juya ta a baki kamar wani asiri don tsofaffin ikilisiya su san ka yi karatu. Faɗe ta sau ɗaya ya isa.

Abin dubawa shi ne, wa yake sa wa wa. A Luka 15:22, yaron da ya ɓatar da dukiya bai sa wa kansa komai ba. Uban ne ya umarci bayi su kawo riga mafi kyau su sa masa, tun bai gama roƙon da ya shirya ba. Amma a Kolosiyawa umarni ne gare ka, kai za ka sa: tausayi, kirki, tawali'u, sanyin hali, haƙuri, a bisa duka kuma ƙauna. Na sha jin masu wa'azi sun riƙe ɗaya sun saki ɗaya. Wasu su ce an ba mu kyauta, shi ke nan, a miƙe ƙafa. Wasu kuma su ɗora wa mutane kaya kamar su za su saƙa rigar da kansu.

Kada kuma ka tsallake aya ta 13 mai maganar yafe wa juna. Tun Kirsimeti kai da yayanka ba kwa ga maciji a kan maganar babur ɗin nan, kuma shi ma zai ji labarin wa'azinka. Ban ce kai ne mai laifi ba. Na dai ce ka kira shi kafin Lahadi.

Kuɗin makaranta za su iso in an sayar da waken.

Babanka