Wasiƙa daga Yauri kan farantin goyon tukwanen iska

Yauri, Jihar Kebbi.

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya Fatakwal, ya aikin teku? Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Ruwan Kwara ya cika, jirage sun koma dakon 'yan kasuwa da lodi fiye da ƙima, kuma kututturan itatuwan da tafkin Kainji ya shanye tun kammala madatsar a 1968 suna nan a ƙasa suna jiran katako. Tun hatsarin jirgin ruwan da aka yi kusa da Warra ta Ngaski a Mayun 2021 hankalina bai kwanta ba da yadda Sarkawanmu ke nutso neman mutane da numfashin ƙirjinsu kaɗai. Shi ya sa nake so in mayar da kayan nutson da ka aiko mini su ɗauki tukunyar iskar shaƙa biyu, don a samu daɗewa a ƙasa, a kuma samu iskar ajiya in wani abu ya lalace.

Rigar iskar nan da ke cikin kayan, wadda ake hura wa iska don ta ɗaga mai nutso, ba za ta iya ba. Bayanta yadi ne da roba, an yi ta don tukunya ɗaya, alhali biyu in an haɗa su da mariƙansu sun haura kilo 30 a tudu. Dole sai farantin ƙarfe: a ɗaure tukwanen da zobban ƙarfe biyu, kusoshinsu su ratsa jakar iska (wadda ake hurawa a baya don ta ɗaga mutum) su shiga farantin, a matse da noti. Tazarar ramukan inci 11 ce, wajen santimita 28, kuma kusan duk masu ƙerawa a kanta suke. Jakar ma sai an sauya, domin ta tukunya ɗaya ta yi siriri, tukwanen za su danne ta ta kasa kumbura. Mai faɗi nake nema, wadda ke ɗaga kilo 18 zuwa 20.

Inda muka saɓa da kai shi ne irin farantin. Ka ce in sayi na baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kusan kilo 3, saboda tukwanen alminiyom kan yi sama in iska ta ragu, kuma nauyin da ke kwance a gadon baya ya fi dalmar ƙugu, wadda ke jan ƙafafu ƙasa har mutum ya tayar da laka. Gaskiyarka, amma kai a ruwan gishiri kake, wanda ke tallafe jiki fiye da namu. Nan ruwan daɗi ne, ga ɗumi, ba ma sa rigar soso mai kauri da za ta ɗaga mu. Iskar da ke cikin tukwane biyu masu lita 11 a matsin "bar" 200 (ma'aunin matsin iska) ita kanta ta kai kilo 5, ga zobba, ga bawul, wato makunnin iska. In jakar ta huje a farkon shiga, da me mutum zai hauro? Ƙafafunsa ne kawai. Don haka na tsaya a kan na alminiyom, mai kusan kilo ɗaya. In ya yi sauƙi da yawa sai in ƙara 'yar dalmar da zan iya yarwa, farantin kuwa ba ya yaruwa. Zan gwada a bakin gaɓa da tukwanen da suka kusa ƙarewa, in ga ko zan iya tsayawa cak a mita 5.

Ɗamarar ba ta da wahala, igiya ce ɗaya mai faɗin santimita 5 da za ta bi kafaɗu da ƙugu, sai wata ta ratsa tsakanin cinyoyi don kada kayan su hau kan mutum kamar goyon da zaninsa ya kwance. Abin da na fi ƙwallafa rai a kai shi ne bututun da ke haɗa bakunan tukwanen, mai bawul a tsakiya. In gefe ɗaya ya fara yoyo, sai a rufe tsakiyar a tsira da iskar ɗayan. Amma sai hannu na kaiwa gare shi ta bayan ƙeya, cikin ruwan da ko tafin hannunka ba ka gani, saboda haka tsayin farantin a baya abin aunawa ne sosai.

Wani mai walda a nan ya ce zai haɗa mini zobban da arha. Na gode masa na ƙi, kuma ba zan taɓa bari wuta ta kusanci tukunya ba.

Na kuma gaya wa samarin da ke sha'awa cewa yawan iska ba izinin zurfafawa ba ne. Daɗewa a ƙasa na ƙara tara iskar naitirojin a jiki, dole a hauro a hankali, kada a wuce mita 9 a minti, a dakata minti 3 a mita 5. Ba wanda zai goya kayan nan sai ya koya a hannun wanda ya iya, shi ya sa nake roƙonka ka zo hutun Sallah ka zauna da mu ko na mako ɗaya ne.

Kafin nan, don Allah ka binciko mini kuɗin zobban, da bututun, da jakar, ka kuma duba ranar gwajin ƙarfinta na ƙarshe da aka buga a wuyan tukunya ta biyun da za ka saya mini kafin ka biya. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Wassalam,
Naka amini na Yauri.