Ya kamata masana'antar fasaha a Damagaram ta fara daga teburin mai gyaran salula

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana a kan yadda ake tsara raya sana'o'in fasahar zamani a ƙasarmu, saboda a ganina ana yawan taro a Yamai a kan manhajoji da sababbin kamfanoni, alhali mutanen da suka riga suka riƙe wannan sana'a da hannunsu suna zaune a kasuwa ba wanda ya waiwaye su.

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Dole ya ga samari a bakin tebura, kowane da ƙarfen narka dalma da ƴan ƙananan sukundireba, suna canza gilashin salula, suna gyara wurin caji, suna tayar da wayar da mai ita ya fid da rai da ita. Yawancinsu a hannun ubangida suka koya, wasu kuma a kasuwar Farm Centre ta Kano, inda kayan gyaran suke fitowa su biyo ta Daura da Matamaye. Lokacin da aka rufe iyaka a shekarar 2023, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba mu, na ga yadda aikinsu ya tsaya cik, babu kaya, babu wutar da za a ɗora ƙarfe. Sana'ar da ke ciyar da gidaje masu yawa bai kamata ta rataya a kan hanya guda da wayar wuta guda ba.

Ya kamata masu tsara manufofi su dubi kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix. Ya kama kasuwar Afirka ne da lura da abin da talaka yake bukata, wato waya mai layi biyu, da batir mai daɗewa, da kyamara mai fito da baƙar fata yadda take, sannan ya buɗe shagunan gyara na Carlcare, ya kuma kafa wurin harhaɗa wayoyi a Habasha tun 2011. Sanin mai saye shi ne jarinsa na farko, kuma babu wanda ya san mai sayen Damagaram kamar yaron da ke buɗe wayarsa kullum.

Ƙera abu a gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, maƙeran garin nan sun ƙera igwa da kansu, domin sarauta ta tsaya musu, ta kuma zama mai sayen aikinsu. Matatar mai ta SORAZ ma, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ta nuna cewa sarrafa abu a gida yana yiwuwa idan hukuma ta ƙudura. Yanzu ga wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa da aka shimfiɗa da tallafin Bankin Raya Afirka ta ratsa jiharmu, amma idan ba mu da masu aikin da za su ci moriyarta, za mu zama masu kallon ayari yana wucewa.

Abin da na fi so in gani shi ne Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ta buɗe darussan yamma ga masu gyara, cikin Hausa, tare da takardar shaida, domin mai wannan takarda ya iya neman kwangilar kula da kwamfutocin ofisoshi da makarantu, maimakon a riƙa ɗauko ma'aikaci daga Yamai saboda gyaran da bai wuce yini ɗaya ba. Hukumar duwan, wato kwastam, kuma ta sassauta haraji a kan kayan gyara da kayan aiki fiye da na wayar da aka shigo da ita a kwali, hukumar birni ta ware musu rumfuna masu faifan hasken rana a cikin kasuwa.

Na gode.

Naku,
Malamin makarantar koyon sana'a,
Unguwar Birni, Damagaram