Kullen korona bai hutar da dajin Adar ba

Malam Edita,

Muna gaisuwa da fatan alheri. Har yau ana jin masu cewa kullen korona na 2020 ya hutar da duniya, wai jirage sun sauka, masana'antu sun yi tsit, iska ta gyaru. Gaskiya ne hayaƙin da ke ɗumama duniya ya ragu da kusan kashi 5 cikin ɗari a shekarar, amma a 2021 ya koma kusan inda yake. Kuma galibin wannan lissafin na ƙasashe masu masana'antu ne. Mu a yankin Adar na jihar Tawa ciwonmu zaizayar ƙasa ce da ƙarewar itace, su kuwa ba su ga hutu ba.

A duba lokacin da abin ya faɗo. Ranar 17 ga Maris shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya sanar da rufe iyakoki da hana taron da ya wuce mutum 50, ranar 19 aka samu mutum na farko da ya kamu a Yamai, kafin ƙarshen wata aka killace birnin. Maris zuwa Mayu kuwa shi ne tsakiyar lokacin gyaran faƙo, aikin da aka san Adar da shi tun zamanin shirin farfaɗo da ƙasa na Keita.

Wannan aiki ba ya jiran kowa. Rabin wata, wato ramin tare ruwa mai siffar rabin wata, ana haƙa shi da rani: faɗinsa kamar mita 4, bakinsa na duban inda ruwa ke gangarowa, a tara ƙasar da aka tono ta bayansa a daddale ta, a jera su saɓi-zarce yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. Hekta ɗaya tana cin wajen 313. Tassa kuma rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, ana iya yin 10,000 a hekta, kowane a zuba masa taki cikin hannu ɗaya ko biyu tun kafin ruwa ya sauka, don gara ta shiga ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar nutsewa. Duk inda aka ɗage aikin zuwa Yuni, an yi asarar shekara: ma'aikata sun koma shukar gonakinsu, kunyar da aka yi a gaggauce ruwan farko ke fasa ta, ya bi faƙo da gudu ya ƙara yaga ƙorama, ya zube rairayi a fadamar da ake noman albasa. Haka gandun renon itatuwa. Irin da ba a zuba a leda ba cikin Maris ko Afrilu, ba zai kai dashe ba ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace ta ƙasa, sai dai a dasa shi don hoto, awaki su gama da shi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi cin daji. Gidaje da yawa a Adar da kuɗin ƴan ci-rani suke tsallake bazara, na Abijan, na Libiya, na Najeriya. Da kasuwannin can suka tsaya, aike ya ragu, ga kuma kuɗin aikin faƙo babu. Magidancin da rumbunsa ya yi ƙasa, abin da ke kusa da shi mai zama kuɗi a yini ɗaya shi ne itace. Ba ma zargin sa. Amma gatarin yunwa ba ya zaɓe: ƙananan gawo da sabara da kalgo da manomi ya shekara yana reno ta hanyar sassaben zamani (barin tohon itace ya girma a gona) su ne masu sauƙin sara, kuma in an tone har kututture ba sa sake tohowa. A gari ma haka ne, mai tukunyar gas da ya rasa kuɗin ciko sai ya koma murhu.

Makiyaya sun sha tasu. A lokacin iyakar Najeriya a rufe take tun Agusta 2019, Benin ta hana shigar garkunan waje a ƙarshen shekarar, korona ta zo ta ƙara kulle. Dabbar da ba ta tafi ba, ba a kuma sayar ba, tana nan kewaye da rijiya ɗaya, ta cinye ciyawa har saiwa, kofato ya mai da wurin gari, iska ta kwashe. Gawo, da yake da rani yake ganye, shi ke biyan bashin: a sassare rassansa kaf maimakon a rage kaɗan a bar masa kai.

Roƙonmu ga hukumomi da ƙungiyoyin da ke ba da kuɗin waɗannan ayyuka shi ne, in wata annoba ta sake sa a rufe gari, a sa gyaran faƙo da renon itace cikin ayyukan da ba a tsayarwa. A fili ake yin sa, kuma tsakanin rabin wata da ɗan'uwansa akwai tazarar da ta wuce wadda likitoci suka nema. A raba ma'aikata rukuni-rukuni na mutum 15 ko 20, kowane da nasa yanki da kayan aikinsa, a ajiye ruwa da sabulu, a riƙa biya kowane mako a wurin aikin maimakon tara jama'a a ƙofar magajin gari. A kuma buɗe rumbunan dusa da ƙwaryar auduga a Abalak da Cintabaraden tun watan Maris, kafin garke ya rame.

Daga wasu malaman gona da na daji,
Tawa