Gyara kan rahotonku game da masu shigar mata na New York

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Mun karanta rahoton da kuka buga kan mazan da ke shigar mata su hau dandali a Amurka, abin da can ake kira drag, haɗe da hotunan shekarun 1980. Mu teloli ne da masu kwalliya, masu haɗa kayan 'yan wasan kwaikwayo da na amare. Matsayin addini da al'adarmu kan wannan lamari sananne ne, malamai sun yi bayani, ba shi ya sa muka rubuto ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda marubucin ya nuna kamar riga kawai mutum ke ɗauka ya zura ya fito. Duk wanda ya san allura da zare, in ya dubi hotunan nan, zai gane aikin makonni ne, kuma mai karatu ya cancanci ya san su wa suka yi shi da yadda suka yi.

Da farko rahoton ya cuɗa unguwanni biyu da ba su da kama. A Harlem, baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, mafi yawansu talakawa. Gasar ado a can tsohuwa ce, tun shekarun 1920 dubban mutane ke cika zauren Rockland Palace don kallo. A 1967 Crystal LaBeija, baƙar fata cikin masu wannan shiga, ta fice daga wata gasa cikin fushi, tana zargin alƙalai da fifita farare, kuma a shekarun 1970 aka kafa gidan LaBeija, wato ƙungiyar 'yan gasa mai zama kamar iyali. Daga nan gidaje suka yawaita, irin su gidan Xtravaganza na 1982, kowane da uwa da uba da ke riƙe matasan da iyayensu suka kora. Sai dare ya raba ake fara gasa, a zaure irin na Elks da ke titi na 129, alƙalai na ba da maki har goma. Unguwar East Village kuwa daban take: kulob ɗin Pyramid da bikin Wigstock da Lady Bunny ta fara a 1984, inda barkwanci da kayan gwanjo suka fi rinjaye.

Adon Harlem ma ya sauya a wannan zamani. Tsofaffin hannu irin su Dorian Corey, wadda ita kanta tela ce, sun taso kan salon 'yan rawar Las Vegas: gashin jimina, duwatsu, hula mai tsayi. Matasan 1980 kuwa idonsu na kan mujallun ado da shirin talabijin na Dynasty, wanda ya gudana daga 1981 zuwa 1989, da rigunan Nolan Miller, mai tsara suturar shirin, masu tudun kafaɗa. An kuma buɗe rukunan da babu ƙyalƙyali a cikinsu sam, kamar shigar babban ma'aikacin ofis, ta soja, ta ɗalibi, inda abin da ake aunawa shi ne ko mutum zai wuce a titi ba a gane shi ba. Wanda ba shi da kuɗin haya ne ke sa kwat ɗin manajan banki na dare ɗaya. Wasu sun ɗinka, wasu sun ara, wasu kuma sun sato daga manyan kantuna, ba su ma ɓoye hakan ba.

Aikin kansa daga jiki yake farawa, ba daga riga ba. Kafaɗar namiji ta fi kwatangwalonsa faɗi, ba kuma a iya rage ƙashi, don haka ƙasa ake ƙarawa har faɗin kwatangwalo ya kai na kafaɗa. Sosan kushin ake samu mai kaurin inci 2 zuwa 3, a yanka shi ya bi daga ƙugu zuwa tsakiyar cinya, a fere gefensa da almakashi har ya zama siriri kamar takarda. In aka bar gefen da kauri, layinsa zai fito ƙarƙashin riga ko da daga bayan zaure. A sama ake ɗora doguwar safa mai kama jiki, uku ko huɗu, don ta danne soso ta kuma rufe gashin ƙafa. Ƙirji kuwa ƙafar tsohuwar safa ake cikawa da shinkafa ko hatsin tsuntsaye a ƙulle, domin auduga ba ta da nauyi, tana hawa sama in mutum ya ɗaga hannu. Ɗamarar matse ƙugu sai mai ƙarfe a ciki. Mai roba tana lanƙwashewa da ɗumin jiki ta tsaya a haka. Sai an gama duk wannan tela ke auna mutum. Wanda ya auna jiki tsura, rigarsa ba za ta rufe a baya ba.

Tudun kafaɗa na wancan zamani tarko ne ga mai faɗin kafaɗa. Gwanaye sukan rage shi ko su cire, su bar ɗinkin hannu ya ba da siffar. Rigar duwatsu kuma nauyi gare ta, tana jan yadi ƙasa, shi ya sa ake yi mata shafi mai ƙarfi da ɗamara ta ciki a ƙugu, a rataye ta kwana ɗaya ko biyu kafin a yi kalmasa. Dogayen duwatsun gilashi bakinsu kaifi ne da shi, suna yanke zare, sai a shafa wa zaren kaki a riƙa ƙullewa bayan kowane 'yan ƙwayoyi. In ba haka ba, zare ɗaya ya tsinke, layi guda ya zube a dandali.

A fuska, gira ake fara shafewa. A lokacin kaki ko sabulu ake amfani da shi, a taje girar sama, a danne, a bar ta ta bushe, a sa hoda, a maimaita har sau uku, sannan a zana sabuwa a samanta don fatar ido ta samu fili. Gaggawa ce ke ɓata wannan mataki, domin gumi na ɗaga abin da bai bushe ba. Inuwar gemu shuɗi-shuɗi take fitowa ko an yi aski, saboda haka ake shafa ja ko ruwan lemo a haɓa da saman leɓe kafin hodar maiƙo mai kauri. Daga nan a sa duhu a muƙamuƙi da gefen hanci da bakin goshi, haske a ƙarƙashin ido da karan hanci, a jibga farar hoda a bar ta minti 5 zuwa 10 kafin a kakkaɓe. Hular gashi biyu ko uku ake ɗinkewa wuri guda, a taje ciki baibai don ta tashi. Gashin roba ne, ƙarfe mai zafi narkar da shi yake, da tururi ake lanƙwasa shi.

Masu kwalliyar amare a Kano da Kaduna da Maraɗi za su gane waɗannan matakai na fuska, domin da yawansu su ne muke yi yau, mun koya ta YouTube da Instagram ba tare da sanin ta hannun wa suka biyo ba. Rashin sanin nan yana da illa. An tsara dabarar ne don fuskar namiji, ƙarƙashin fitilu masu ƙarfi, ga mai kallo daga nesa. Amarya ba ta da faɗin muƙamuƙin da za a rage, kuma dangi a gabanta suke zaune da rana tsaka. Shi ya sa ake ganin fuska ta yi fari fat ta rabu da wuya, hoda ta tsattsage a gefen hanci. Rabin abin ya ishe ta, hodar ma minti biyu ya wadatar.

Rahoton ya kuma tsallake abin da ya fi nauyi. Cutar ƙanjamau ta yi wa waɗannan gidaje kaca-kaca. Taron Love Ball na 1989 don tara kuɗin yaƙi da ita aka yi shi. A 1990 rawarsu ta shiga duniya ta hannun mawaƙiya Madonna, manyan kamfanonin ado suka ɗauki salonsu, amma kuɗin bai isa ga mafi yawansu ba. Dorian Corey da Angie Xtravaganza duk a 1993 cutar ta ɗauke su.

Muna roƙon ku buga wannan gyara, kuma in za ku sake rubutu kan sutura ko kwalliya, ta ko wace ƙasa ce, ku tuntuɓi tela ko mai kwalliya kafin a kai wurin bugawa.

Wassalam.
Daga wasu teloli da masu kwalliya, Kano.