Me ya sa mai alheri ake biya a ƙarshe?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Na sha karanta koke-koken jama'a cewa amana ta ƙare, ba mai ba da bashi, ba mai tausayin maƙwabci. Ban ƙaryata su ba, amma akwai wani abu da na gani da idona a unguwarmu a nan Zariya, wanda nake so masu wannan kuka su duba tare da ni.

Kowa yana tune da wahalar canjin kuɗi. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kwashe abin da ke hannunsu suka kai banki, sababbin kuma suka yi wuyar gani. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin har ƙarshen shekara. A waɗannan makonni, magidanci yana da kuɗi a asusu amma ba shi da na cefane. Ka yi tiransifa ta maƙale, an cire maka, mai kaya bai gani ba.

A layinmu mutum biyu ne suka riƙe mu. Ɗaya matashi ne mai POS. Da ya ga rana ta fito masa, sai ya yi shanya: ka tura dubu biyar, ya miƙo maka huɗu, wata rana ma ƙasa da haka, kuma ba ya sauraren magiya. Ɗayan dattijo ne mai shagon tireda, wanda duk unguwa ke kira Baba. Shi sai ya sayo littafi irin na 'yan makaranta ya ajiye a kan kanta. Wanda ya zo da labarin tiransifa ta ƙi tafiya, sai ya auna masa shinkafa ko garin masara, ya ƙara da magi da ɗan mai, ya rubuta. Ni ma sunana ya shiga littafin. Ran da na tsaya ina kame-kame, ce mini ya yi, "Malam, ɗauki ka kai wa yara, in Allah ya hore ka kawo."

Abin da ya faru bayan kuɗi sun dawo hannu shi ne dalilin wannan wasiƙa. Mai POS ba ya bin kowa ko kwabo, domin kafin ya saki nasa ya riga ya karɓi naka. Yau ma yana nan, ya ƙara rumfa, kuma waɗanda suka fi kowa tsine masa a majalisa su ne ke layi a gabansa. Baba kuwa aka bar shi da littafi. An biya kuɗin makaranta saboda za a koro yaro, an biya na wuta saboda za a yanke, an zuba adashi saboda uwar adashi ba ta da wasa. Na Baba sai aka ce ai shi mai haƙuri ne, zai jira. Kafin ya farfaɗo aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kaya suka tashi, kuɗin da aka biya shi a makare ba sa iya sayen rabin buhun da ya bayar.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina. Mutanen nan ba ɓarayi ba ne, na san su, muna sahu ɗaya a masallaci. Abin da na fahimta shi ne, ɗan Adam yana jera masu binsa bashi gwargwadon yadda kowannensu zai iya cutar da shi. Mai tsanani yana sahun gaba, mai kunya yana can baya. Haƙurin mutum sai ya zama dalilin da za a ƙara jinkirta masa, alhali shi ya kamata ya sa a fara da shi.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ciwo. Wanda aka taimaka wa ranar da ya rasa ba ya son ganin wanda ya ga rashin nasa. Na lura da magidanta uku ko huɗu da suka sauya hanyar zuwa masallaci don kada su bi ta ƙofar shagon. Da farko kunya ce. Da aka kwana biyu, kunyar ta yi nauyi, sai zuciya ta fara neman abin da za ta sauke ta da shi. Sai ka ji ana cewa ai mudun Baba ma bai cika ba, ai sukarinsa ya fi na kasuwa tsada, ai ya rubuta abin da ba a ɗauka ba. Ba wanda ya faɗi haka ranar da yake karɓar garin. Laifin an ƙirƙiro shi daga baya ne don bashin ya yi sauƙin mantawa. Har cinikinsu suke kai wa wani shagon da tsabar kuɗi, saboda a can ba wanda ya san sirrinsu.

Addininmu bai bar wannan a buɗe ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Kafin ita, aya ta 280 ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Wannan ayar kowa ya haddace ta, musamman masu cin bashi. Amma hadisin da ya ce jinkirin mawadaci wajen biya zalunci ne, ba kasafai nake jin ana karanta shi a majalisa ba. Ina roƙon limamanmu su riƙa haɗa su biyun a huɗuba, domin Baba ya cika nasa ɓangaren, mu ne muka gaza a namu.

Wani zai ce talauci ne. Na yarda akwai waɗanda har gobe ba su da halin biya, kuma Baba da kansa ya ja layi a kan sunayen zawarawa biyu ya ce ya yafe. Amma talauci bai hana mutum tsayawa ya yi sallama ya ce, "Baba, ban manta ba." Bai hana kai naira ɗari biyar ranar albashi ba. Wasu daga cikin masu sauya hanyar nan sun yi ɗinkin Sallah, wani ma ya sauya waya.

Kuma yaran unguwa suna kallo. Sun ga wanda ya matse mu ya ƙara rumfa, sun ga wanda ya rufa mana asiri kantarsa tana raguwa. Idan gobe ɗayansu ya buɗe shago ya manna takarda a bango cewa ba bashi, da wane baki za mu ce masa ba shi da tausayi?

Baba ya rufe shagon, yanzu wani ne ya kama hayar wurin yana cajin waya. Kwanan baya na je gaishe shi a gida, na tarar da shi a zaure. Hira ta biyo ta kan wancan lokaci, sai ya sa jikansa ya ɗauko littafin daga cikin akwati. Bai buɗe mini sunan kowa ba, ya dai ƙirga da yatsa: shafi tara ne ba a ja musu layi ba. Na tambaye shi ko zai bi su. Ya ce a'a, ya bar littafin ne saboda magada, kada bayan ransa a ce wani ya ci haƙƙin marayu bai sani ba.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani malamin firamare,
Tudun Wada, Zariya.