Likita, gashi nake cirowa daga tsakanin yatsuna

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni mai aski ne a nan Kano, da shagon nake ciyar da iyalina da mahaifiyata.

Wani ɗan rami ne ya fito min tsakanin yatsan tsakiya da na kusa da shi a hannun dama, ƙarami ne kamar kan allura. Da farko kowa cewa yake ɗan karkare ne, a kemis aka ba ni ƙwayoyi, ya lafa ya sake dawowa. Yanzu in ya kumbura ko injin aski ba na iya riƙewa, sai ya fashe mugunya ta fito mai wari, kuma wallahi Likita in na matsa sai in ga guntayen gashi gajeru suna fitowa daga ciki, har da furfura, ni kuwa ba ni da furfura. Hajiya da ta gani hankalinta ya tashi ta ce jifa ne, a tafi wajen malam.

Na je asibiti, likitan ya ce ciwon failonidal ne, irin wanda ke fitowa a ƙasan gadon baya tsakanin mazaunai musamman ga masu gashi da yawan zama kamar direbobi, amma ya ce yakan fito a cibiya da hammata, mu masu aski kuma a tsakanin yatsu, domin gashin da inji ya yanke tsini gare shi, yana huda fata ya shige ya taru. Ya ce ƙwaya ba za ta raba ni da shi ba muddin gashin na ciki, sai an yi ƙaramar tiyata an yanke ramin.

To nan ne damuwata, ga sallah ta matso kuma lokacin ne muke samu. Dan Allah in na jinkirta har bayan sallah zai iya cin yatsan? In an yi aikin yaushe zan koma riƙe inji, kuma zai iya dawowa tunda sana'ar ba barinta zan yi ba? Safar hannu ta roba na gwada amma gumi take sa ni, ko akwai wata dabara? Yaran shagona ma ina ji musu tsoro.

A taimaka a karanta a shirin wannan makon, Hajiya na sauraro, in ta ji daga bakinka za ta yarda.

Mai sauraronka daga Kano